Motar Baba a Cikin Kwali

Ranar da kawun Abba ya dawo daga tafiya ya miƙa masa tsaraba, duk gidan mun ɗauka motar wasa ce irin wadda ake sa wa batir. Kwalin ne ya ruɗe mu. Hoton Land Rover ne a jikinsa, wadda mu muke ce wa Landiroba, koriya shar, tana hawan wani tudu. Abba ya yage ledar da rawar jiki, ya buɗe, sai ya yi turus. Babu mota a ciki. Wasu 'yan guntayen roba ne maƙale a jikin firam kamar dabino a reshe, da tayoyi a wata 'yar leda, da takarda mai zane-zane da lambobi.

"Kawu, ai a karye take," in ji shi.

Kawun ya yi dariya. "Ba karyewa ta yi ba, yaro. Kai za ka haɗa abarka."

Ni ina gefe a kan tabarma ban ce uffan ba, amma sai da gabana ya faɗi. Landiroba ita ce sana'ar mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da ita ya ciyar da mu. Shi wannan autan nawa sunansa ya ci, shi ya sa muke kiransa Abba. Shekarunsa 12, a nan Sabo aka haife shi, Yarbancinsa ya fi Hausarsa gudu, kuma in ka tambaye shi ɗan ina ne, sai ya ce maka ɗan Mokola. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Amma a daren nan, da na ga hoton motar, sai na ce a raina: to, ga hanyar da zan bi in kai yaron nan gida.

Bari in ɗan koma baya, saboda waɗanda ba su san ƙasarmu ba. Ni mutumin Nguru ne. Jirgin ƙasa ya iso garinmu a 1930, kuma a nan layin dogon da ya taso daga Kano ya ƙare. Saboda haka duk abin da ya fito daga arewa da gabas, kanwa ce, ƙaro ne, fatu da ƙiraga ne, gyaɗa, shanu, bandar kifi, a Nguru yake haɗuwa kafin ya gangaro kudu. Shanu da yawa da iyayenmu na Sabo suka yi dillancinsu a garin nan, daga can aka loda su. Daga Nguru zuwa gaba kuwa, sai mota ko raƙumi. Baba yana jigila tsakanin Nguru da Gashuwa, ta Jajimaji, tafiyar kilomita 60 da 'yan kai. Ranar kasuwa kuma ya nausa cikin rairayi wajen Yusufari, inda ƙaramar mota ba ta isa ta leƙa ba.

Mu yaran garin, mota ce duniyarmu. Da an gama kaka, an yanke dawa, sai a buɗe kamfani a kowane lungu. Mataki uku ne. Ƙanana su fara da motar kara. In hannu ya faɗa, a koma ta gwangwanin madara. Gwanaye su ne masu ta langa-langa, wanda muke tsintowa a bakin tashar jirgi inda ake kwance dilolin kaya.

Ta kara ita na fi ƙwarewa a kai. Za ka zaɓi kara mai kauri wanda ya bushe sarai, ka ɓare ɓawon da haƙori. Wanda leɓensa bai taɓa tsagewa ba a nan, bai yi yarinta a Nguru ba. Totuwar ciki ita ce katakonka, siraran ɓawon kuma su ne ƙusoshi, da su kake soke wannan ka haɗa da wancan. Taya kuwa, ko dai ka goga sakaina a dutse har ta yi da'ira, ko ka gasa bakin gwangwani a wuta ka danna a kan tsohon silifa. Gam ɗinmu ƙaro ne, mu ɓamɓaro a jikin itace mu jiƙa, mu manna takardar kwalin sigari mai walƙiya a matsayin fitila da madubi. Sai dogon kara da zagayen waya a samansa, sitiyari ke nan. Ba mu da takardar bayani, ido ne takardarmu. Mukan wuni a tasha muna leƙen ƙarƙashin motoci, karnukan mota suna korar mu muna dawowa.

Ina da kamar shekara 10 na ce zan yi motar Baba. Kwana uku ina fama. Na sa mata kariya a sama, na sa safeya a kan bonet kamar yadda take a tasa. Da ya dawo bayan isha, ya ci tuwo, na kawo masa ita hannu biyu. Ya jawo fitilar ƙwai, ya juya ta nan, ya juya ta can. Sai ya ce, "Ƙafar baya ta matso gaba da yawa. In ka ɗora mata kaya za ta ɗaga kai. Miƙo min reza."

Na miƙa. Ina zaune ya warware ta kaf, ya sake gini. Barci ya kwashe ni yana yi. Da gari ya waye, ga mota a bakin ƙofa, wadda ba a taɓa ganin irinta ba a unguwarmu. Har ƙofofinta buɗewa suke yi. Yara suka taru, kowa yana cewa, "Kai, wa ya yi maka?" Na ce, "Baba." Da suka watse na ɗora ta a kan katanga. Ban taɓa jan ta ba ko sau ɗaya, har gara ta cinye ta.

Ban taɓa gaya masa ba. Kuma haka zamanmu ya ci gaba. Da na tasa ya fara koya min tuƙi, hannunsa ba ya barin sitiyari. In na ɗaure kaya sai ya kwance ya sake. Ba ya duka, ba ya zagi, gyara kawai yake yi. Ni kuwa na gaji da zama ɗan kallo a aikina. Na koyi ɗinki a wajen wani maƙwabcinmu, kuma a 1991, shekarar da aka cire Yobe daga Jihar Borno, na hau bayan tirelar shanu na yo kudu. Ya so in gaje shi, ban gaje shi ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu zauna mun yi wannan magana ba.

To, mu dawo kan kwalin Abba. Ga wanda bai taɓa gani ba, abin nan sana'a ce babba a wasu ƙasashe, kuma ba yara kaɗai ke yi ba, har da dattawa masu furfura. Akwai kamfanoni irin su Tamiya a Japan, da Revell, da Airfix na Ingila, waɗanda aikinsu ke nan: su auna mota ta gaske, ko jirgi, su ƙanƙantar da kowane sashe nata, su zuba a roba. A jikin kwalinmu an rubuta 1:24. Ma'anarsa, duk abin da ya kai inci 24 a motar gaske, a nan inci 1 ne. Ni tela ne, awo abincina ne, sai na ɗauko tef. Doguwar Landiroba ana ce mata 109, domin inci 109 ne tsakanin tayar gaba da ta baya. In ka raba 24, ka samu inci 4 da rabi da ɗan ɗoriya. Na auna shasin robar nan. Wallahi cif. Na ce lallai mutanen nan ba wasa suke yi ba.

Daren farko mun yi shi lafiya. Abba yana karanta lamba, yana cire sashen da abin yanke farce, ni ina goge bakin da samfefa. Muka haɗa injin, muka ɗora a kan shasi. Na nuna masa 'yan sandunan giya, na ce a motar gaske akwai mai jan kai da mai rawayan kai. In ka danna mai rawaya, ƙafa huɗu duk sun kama. In rairayi ya yi rairayi, sai ka jawo mai ja, motar ta riƙa tafiya kamar kunkuru amma babu abin da zai tsayar da ita. Ya buɗe baki yana saurare. Rabon da ya saurare ni haka, na manta.

Dare na biyu na ce masa, "Ba irin ta kwalin nan za mu yi ba. Motar kakanka za mu yi." Ya ce to. Na sayo koren fenti da ɗan burushi. Na ce a bayanta za mu rubuta "Sai Haƙuri", domin abin da ke jikin ta Baba ke nan.

Dare na uku ya ɗauki burushi, fentin ya yi kauri a ƙofa, ya zubo. Na ce, "Hannunka yana rawa. Kawo." Ya miƙo. Ya zo manna kujera, ta ɗan karkace. Na ce, "Kawo." Daga bakin tebur ya koma kujera. Daga kujera ya koma kan wayar uwarsa. Ni ko a jikina, ina ta aiki, har ina ba shi labarin hanyar Yusufari ba tare da na ɗaga kai na ga ko yana ji ba.

A dare na biyar na zo kan gilashin gaba. Gam ɗin da ake haɗa irin wannan roba da shi narkar da ita yake yi ta haɗe, saboda haka ba a kai shi kusa da gilashi. Daga baya na ji cewa farin gam na kafintoci shi ake sawa, don in ya bushe ba ya barin tabo. Ni ban tsaya tambaya ba. Na aika aka sayo min sufa gulu a kiyos, na ɗiga, na manna, na je na kwanta ina jin daɗi. Da asuba na duba, gilashin ya yi fari fat, kamar idon da yana ta rufe. Ashe tururin gam ɗin ne yake kama shi. Na goga da tsumma, na goga da yawu, ina! Garin gyaran gira an rasa ido.

Abba ya fito da kayan makaranta. Na ce, "Ka ga abin da ya faru. Ka yi haƙuri." Ya ɗan leƙa, ya ɗaga kafaɗa.

"Ba komai, Baba. Ai taka ce."

Ya fice. Uwarsa tana bakin murhu, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ni dai ina da tambaya. Tsarabar nan, wa aka kawo wa?"

Jama'a, na wuni a shago ranar nan ina taka keke, ban san abin da nake ɗinkawa ba. Motar kara da ke kan katanga ce kawai take yi min gizo. Shekara 40 ina riƙe da abin nan a zuciya, ashe ina jiran in samu ɗa ne in yi masa irinsa. Na mayar da motar cikin kwali, na tura ƙarƙashin gado. Shi bai tambaya ba, ni ban tayar da maganar ba.

Da hutun Disamba ya zo, aka sa bikin 'yar yayata a Nguru. Na ce da Abba za ni. Rabonsa da can tun yana goye. Muka sha hanya har Kano, muka kwana, muka bi ta Malam Madori da Birniwa. Sai da muka sauka ina fito da kaya na ga kwalin motar a ƙasan jaka, an naɗe shi da zani. Aikin uwarsa ne.

Kwana biyun farko Abba ya sha wuya. Hunturu ya fasa masa leɓe, 'yan uwansa suna kwaikwayon Hausarsa suna ce masa ɗan Yarbawa. Na kai shi tashar jirgi don in nuna masa inda muke tsintar langa-langa, muka tarar da wurin shiru, sai awaki. Na nuna masa inda Baba yake ajiye mota, yanzu shaguna ne. Duk abin da na nuna masa, sai in ce "da a nan akwai kaza". Ya gaji da kallon abin da babu.

A rana ta uku na neme shi na rasa. Can na same shi a bayan gida cikin yara, ga tarin kara a gabansu, yatsansa ɗaure da tsumma. Ashe kamfanin bai rufe ba. Kayan aiki ne suka ɗan canza: yanzu akwai robar lemo da murafunta, kuma ba Landiroba suke yi ba, Keke Napep ne da Hilux. Na matsa, bakina har ya buɗe zan ce ba haka ake soke totuwa ba. Na haɗiye. Na juya na koma cikin gida.

Bayan an kai amarya, na ce sai mun je Gashuwa gaida Baffa. Ba ƙanin mahaifina ba ne na jini, yaron motarsa ne, amma a gidanmu ya girma, a bayansa aka goye ni. Gashuwa ita ce hedikwatar masarautar Bade, tana bakin kogin Yobe, kuma tun 2013 akwai jami'ar tarayya a garin, ya cika ya batse ba kamar yadda na san shi ba. Muka same shi a zaure yana jan carbi. Idanunsa sun yi yana, sai dai ya ga inuwar mutum. Da na faɗi ko ni wane ne, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Tela, kai ne? Ya mutanen Badun?"

Na ce ga mai sunan Baba na kawo masa. Tsohon nan ya yunƙura zai tashi tsaye. "Oga ne da kansa? Marhaba da Oga!" Abba ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Bayan an sha fura, na ce Abba ya fito da motar. Na ce, "Baffa, motar Baba muka yi." Ya karɓa, ya fara bin ta da yatsu a hankali, tun daga baya har gaba. Da ya zo kan fitilu ya tsaya.

"Wannan ba tamu ba ce. Wannan fitilunta a gefe suke. Tamu a tsakiya suke, kusa da juna, a jikin ragar lagireto. Wannan sabuwar yayi ce."

Gaskiyarsa. Irin ta kwalin a 1971 aka fara yin ta, tasu kuwa ta girme ta. Ya zura ɗan yatsa ta taga.

"Sitiyarin ma a hagu. Tamu a dama yake. Ta riga canjin hannu zuwa ƙasar nan."

Canjin hannu, ga yaran yanzu, shi ne lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagun titi ta koma dama, a watan Afrilun 1972. Na ce, "To Baffa, ko ba komai mun dace da launi. Koriya muka yi mata."

"Koriya? Wa ya ce maka koriya ce? Koriyar ai ta hakimi ce, wadda kuke bi da gudu. Tamu shuɗiya ce, rana ta cinye ta ta koma ruwan toka. Ƙofar direba ma ba tata ba ce, fara ce, a jikin wata muka ciro."

Na ji gumi yana tsattsafo min cikin sanyin nan. Na ce, "Rubutun baya fa? Ba 'Sai Haƙuri' ba ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Wannan ta wani mai gingimari ce da ke lodin kanwa. Tamu 'Sannu Ba Ta Hana Zuwa'. Ni na biya mai fenti da hannuna."

Abba yana kallo na, ina kallon ƙasa. Na ƙwace wa yaro abin wasansa da sunan ni na san motar Baba, ashe motar da ke kaina ma haɗe-haɗe ce: launin wannan, rubutun wancan, fitilar wata. Sai Abba ya ce, a hankali, da Hausarsa ta Sabo, "Baffa, gilashin ma ya lalace. Ya yi fari, ba a ganin ciki."

Tsohon ya shafa gilashin da babban yatsa. "Fari kamar ƙura?"

"E."

"To Oga, nan ne kaɗai kuka yi daidai. Ni tunda nake da motar nan ban taɓa ganin gilashinta garau ba. Da hunturu ma kai muke fitarwa ta taga."

Dariyar da Abba ya yi ranar, har da riƙe ciki. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, ni na zama ɗan rakiya. Baffa ya gaya masa yadda ake rage iskar taya kafin a shiga rairayi, da yadda ake shimfiɗa tabarmar kaba a ƙarƙashin ƙafa in ta kafe. Ya ce jikin Landiroba ba ya tsatsa don gorar ruwa ce, wato alminiyom, shasin ne ƙarfe. Ya ce a gefe ake rataye salka don iska ta sanyaya ruwan, kuma akuya a kan kariya ake ɗaure ta, a saman buhunan gero. Abba ya ari biro yana rubutawa a bayan takardar bayanin.

Da ya fita alwala, na ba Baffa labarin motar kara. Shi ne mutum na farko da na taɓa gaya wa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Shekara tara ina bin Oga, bai taɓa barin ɗaurin kayana ba tare da ya taɓa shi ba. Kai ka ɗauka raini ne. Ba raini ba ne, tsoro ne. Yana saurayi ya taɓa kwana uku a cikin rairayi da fasinja, har da mai jego, saboda wani ƙaramin abu da yaron mota bai ɗaure daidai ba. Tun daga nan bai ƙara yarda da hannun kowa ba." Ya ɗan ja carbinsa. "Amma fa ni ma, sai da na bar shi na iya tuƙi."

Muka dawo Ibadan da ɗaurin kara a saman kaya da ƙullin rairayin bakin kogi a leda. A mota 'yan uwan tafiya suna ta tambaya ko magani ne. Da muka iso na ajiye kwalin a gaban Abba na ce, "Ga motarka. In kana son wani abu a shago ka ɗauka. Ni ba zan taɓa ba sai ka kira ni."

Wata guda ya yi yana aiki. Fitilu da sitiyari ya bar su inda suke, ya ce wannan ƙanwar ta Kaka ce. Ya shafe korena da shuɗi mai haske, ya yi wa ƙofar direba fari. Kariya da wayar wuta ya lanƙwasa ta. Shi ma ya koyi raba 24: ya ce buhun da ya kai mita 1 zai dawo santimita 4, mutum kuma kamar santimita 7. Ya tsinci ƙyallaye a ƙarƙashin kekena ya ɗinka buhuna, ya cika su da rairayin Gashuwa. Ya roƙi guntuwar fata a wajen dukawa ya yi salka. Akuyar da ke sama da totuwa ya sassaƙa ta, ƙahonta ɓawon kara. Ta fi kama da kare, amma ban faɗa ba. A ƙarshe ya tsarma farin gam da ruwa, ya shafa a ƙasan bodi da tayoyi, ya barbaɗa ƙura. Sai ga mota kamar yanzu ta fito daga Yusufari.

Sau ɗaya ya kira ni, ranar rubutu, wai in riƙe masa motar kada ta motsa. Na riƙe. Ya tsoma tsinken ashana a baƙin fenti ya fara: Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Haruffan suka fara manya, wuri ya ƙure, "Zuwa" ta matse a lungu tana gangarowa. Allah ne shaidata, yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Na danne. Da ya gama ya ce in juyo masa gefe, inda ake rubuta hanyar mota. Ya rubuta: Nguru, Gashuwa, Sabo Ibadan.

Na ce, "Kakanka bai taɓa zuwa Ibadan ba."

Ya ce, "Ai yanzu ya zo."

Motar tana nan a kan talabijin ɗinmu. Duk baƙon da ya tambaya wa ya yi, Abba ne ke amsawa, kuma ba ya rage murya.

Abin da ya sa na kawo wannan labari a mujallarmu, na san ba ni kaɗai ba ne. Unguwar nan tun 1916 take, kuma kowane gida a cikinta akwai wani gari da aka baro: Kano, Katsina, Sakkwato, Damagaram, Nguru. Muna son 'ya'yanmu su san can, wannan ba laifi ba ne. Amma sau da yawa garin da muke ba su labari, mu ma haɗa shi muka yi a ka, da guntun nan da guntun can, kuma muna so su karɓa a haɗe, kada su taɓa. Yaro ba ya jan motar da ba shi ya yi ba. Ni na sani, na gwada ta gefe biyu.

Karan da muka zo da shi bai ƙare ba. Ranar Asabar bayan la'asar yara kan taru a ƙofar shagona, Abba yana nuna musu yadda ake ɓare ɓawo, rabi da Hausa rabi da Yarbanci. Wanda yake da ɗa mai sha'awa ya turo shi da tsohon silifa da murfin kwalba. Direbobinmu masu sauke albasa da shanu daga arewa, don Allah in akwai wuri a saman kaya, a taho mana da ɗauri ɗaya ko biyu na karan dawa, mai kauri, busasshe. Iyaye maza ma suna iya zuwa kallo. Akwai benci a gefe, kusa da nawa. Sharaɗin ɗaya ne: hannu a aljihu.